Yadda ake gano lambobin hayaƙin tsohuwar Corvette a shirya ta ta ci gwaji a Kalifoniya

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Corvette ƙirar 1976 zuwa sama yana so ya yi mata rajista a Kalifoniya, ko a gwanjo ya same ta ko a hannun wani dattijo da ya kulle ta a gareji shekara da shekaru, abin da zai fara tare shi a ofishin DMV, hukumar rajistar motoci ta jihar, shine takardar gwajin hayaƙi, wato Smog Check, wanda hukumar BAR mai sa ido kan garejojin gyaran mota ke kula da shi tun 1984. Yawancin sababbin shiga da nake gani suna faɗuwa ne tun kafin a zura ma salansa komai, saboda basu san da wane kaya motar ta fito daga kamfani ba. A shekarun nan Chevrolet iri uku take ƙera mota guda, akwai ta tarayya da ake sayarwa a jihohi 49, akwai ta Kalifoniya, sannan a wasu shekarun akwai ta garuruwan kan tudu irin su Denver, kuma kowacce da nata kayan hayaƙin, da nata kafireto, da nata taimin. Mai gwaji da irin da aka ƙera ta zai auna ta. To kaga in baka san wacce ce a hannunka ba, kuɗi kawai zaka ta zubawa.

Kayan da zaka tanada

Tocila mai haske sosai da ɗan madubin nan mai sanda, don rabin lambobin a lungu suke. Tsumma, burushin waya da feshin wanke kafireto na goge datti a kan lamba. Wayarka don ɗaukar hoto, ka ɗauki hoton komai kafin ka zare ko tiyo ɗaya. Fitilar taimin da mitar da ke nuna gudun inji. Famfon hannu na zuƙar iska mai agogo a jiki, irin Mityvac, in babu to ka ara, shagunan kayan mota da yawa a nan suna bada aron kayan aiki ka ajiye kuɗi in ka dawo da shi a mayar maka. Sifanu na inci, don motocin 1970 da wani abu inci ne akasarinsu, daga 1980 kuma zaka fara cin karo da na mita a cakuɗe. Tiyon iska sabo na ƙananan girma biyu ko uku, ka sayo da yawa yana da arha. Jak da ƙafafun tsayar da mota guda biyu, kar ka shiga ƙarƙashin Corvette a kan jak kaɗai dan Allah, motar a ƙasa take sosai. Sai littafin gyara na kamfani na ainihin shekarar motar, ba wanda ya haɗa shekara goma sha biyar a littafi ɗaya ba, waɗancan basa rarrabe ta tarayya da ta Kalifoniya yadda ya kamata.

Mataki na 1: tabbatar da shekarar motar

Wannan shine zai nuna ma ko kana buƙatar gwajin gaba ɗaya. Motar fetur ƙirar 1975 zuwa ƙasa ba a kai ta gwaji, ƙirar 1976 zuwa sama duk bayan shekara biyu a yawancin jihar, da kuma duk sanda za a sayar. Da can akwai dokar cewa mota in ta cika shekara 30 ta fita, an soke ta tun 2005, amma har yau zaka ji mai sayarwa yana rantsuwa wai ai ta wuce talatin ba ruwanta da gwaji. Ƙarya ne ko rashin sani, layin ya tsaya a 1975 bai ƙara motsi ba.

Lambar chasis tana kan sandar gilashin gaba ta gefen direba, ta waje ake karanta ta. Daga 1972 zuwa 1980 harafi 13 ne, na biyar inji, na shida shekara: 5 na nufin 1975, 6 na nufin 1976, haka har 9, sai A ta 1980. Daga 1981 lambar ta koma 17, inji ya koma na takwas, shekara na goma, B 1981, C 1982, E 1984, kuma babu Corvette ƙirar 1983 da aka sayar, in wani ya ce maka yana da ita ka bar wajen.

Kuskuren da ake yawan yi anan: mutum ya ga sitikar ƙofa ta ce an haɗa motar a Oktoban 1975 sai ya hau murna. Ƙirar 1976 an fara haɗa ta tun cikin 1975, kuma shekarar ƙira DMV ke bi, ba watan da ta fito ba. Haka lambar motar tarihi da DMV ke bayarwa, ita ma bata cire mota daga gwaji.

Mataki na 2: nemo sitikar hayaƙi

A ɗakin inji akwai wata sitika da ke ɗauke da kan rubutu Vehicle Emission Control Information. Ka duba bangon da ya raba inji da direba ta wajen tukunyar birki, ka duba cikin murfin bonet. Ita ce alƙali a wannan harkar. A jikinta akwai girman inji, da gajerun sunayen kayan da ke kan motar, irin su AIR wato famfon iska, EGR wato bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, EFE, da OC ko TWC wato katalis, da taimin, da gudun silo, da tazarar fulogi, a na baya-bayan nan har da zanen yadda tiyoyin iska suka bi. Can ƙasa kuma akwai layin da ke cewa motar ta dace da dokokin U.S. EPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, kaɗai, ko EPA da Kalifoniya. In EPA ce kaɗai to ta tarayya ce.

Ta tarayya ba haramun bace a Kalifoniya, mutane su daina tsorata. Muddin ta wuce mil 7,500 za a yi mata rajista, kuma da kayan tarayya za a gwada ta, ba wanda zai ce ka mayar da ita ta Kalifoniya.

Kar ka goge sitikar da feshin kafireto, rubutun zai bi tsumma. Ruwa da ɗan sabulu kawai. In kuma babu ita sam, rashinta kaɗai baya kada mota, mai gwaji yana da littattafan da yake dubawa, sai dai shi zai zaɓar maka layin da yaga ya dace, kuma zai iya zaɓar wanda ya fi tsauri. Ana sayar da kwafinta a wajen masu kayan Corvette, amma ka bari sai ka gama mataki na 3 da na 4 kafin ka yi oda, don in ka manna ta Kalifoniya a motar tarayya ka ɗora wa kanka kayan da bata taɓa zuwa da su ba. Sannan ka yi shakkar wadda ka tarar ma, in kaga ta yi sabuwa fil a motar da komai nata ya tsufa, ko an taɓa canza bonet, to sai an bincika.

Mataki na 3: lambobin kamfani

GM tana ba kowane ƙari da aka sa wa mota lamba mai harafi uku, ana ce musu RPO. Na hayaƙin da suka shafi Corvette ga su. K19 famfon iska ne na motocin Kalifoniya a 1966 da 1967. NA9 kayan kama tururin fetur na Kalifoniya a 1970. YF5 ita ce ta Kalifoniya daga 1972 har ƙarshen zamanin C3, wato Corvette ƙirar 1968 zuwa 1982, ita zaka fi cin karo da ita. NA6 ta garuruwan kan tudu ce daga 1977 zuwa 1979, wuraren da suka haura ƙafa 4,000. A zamanin C4, ƙirar 1984 zuwa 1996, zaka ga NN5 ta Kalifoniya, daga baya YF5 ta dawo a tsakiyar shekarun 1990, aka ƙaro NG1 ta New York. A jerin lambobin motocin 1980 da wani abu kuma NA5 tsarin tarayya ne, NB2 na Kalifoniya.

Inda ake samunsu ya danganta da shekara. Daga 1984 abin da sauƙi, akwai farar sitika cike da lambobi, ka buɗe murfin akwatin tsakiyar kujeru ko murfin ma'ajiyar bayan kujera, tana ɗaya daga ciki. C3 ce mai wahala. Tun 1967 ma'aikata suna manna takardar haɗa mota a saman tankin fetur, wani lokacin in ka ture robar wuyan tanki ka haska tocila zaka hango ta, wani lokacin sai an sauke tanki. Takardar ta kusa shekara hamsin, in ka ja ta zata zama gari a hannunka, don haka hoto tukuna, kuma ba wuta ba taba ba fitilar lantarki mai zafi kusa da tankin. Sau da yawa ma babu ita, an canza tanki an jefar.

In babu, motocin da aka haɗa a Bowling Green ta jihar Kentucky, wato daga cikin 1981 zuwa sama, gidan tarihin Corvette da ke garin yana sayar da kwafin takardar haɗawa, lambar chasis kawai zaka basu. Waɗanda aka haɗa a tsohuwar masana'antar St. Louis basu da wannan gatan, sai dai ka bi alamun jikin motar. Misali 1980 ta fi kowacce sauƙi, harafi na biyar in H ne to ta Kalifoniya ce ba tantama, inji LG4 ne 305 mai doki 180 da giya atomatik kawai, sauran jihohi 350 suka samu, 8 shine L48 na gama-gari, 6 shine L82 mai ƙarin ƙarfi. A 1977 zuwa 1979 kuwa ba a sayar da L82 a Kalifoniya ba, ba a kuma sayar da mai giyar hannu ba, to in lambar chasis ta nuna L82, X a 1977 ko 4 a 1978 da 1979, ka san ta tarayya ce. A 1981 aka huta, inji ɗaya L81 mai kwamfuta ga kowa.

Mataki na 4: injin da kafireton nata ne?

A gaban inji ta gefen fasinja, ƙasa da kan silinda, akwai ɗan fili a jikin bulok da aka buga lambobi layi biyu, yawanci altaneta na kare shi. Fesa ka goge da tsumma, kar ka sa sanfefa. Layi ɗaya ƙarshen lambar chasis ne, ɗayan kuma yana ƙarewa da harafi uku da littafin kamfani zai gaya maka ko wane inji ne, wace giya, kuma wane yanki. In ƙarshen chasis ɗin ya yi daidai da na gilashi shikenan, injinta ne.

In bai yi ba, an canza. Nan sai a rarrabe. In 350 aka cire aka sa wani 350 aka mayar da duk kayan hayaƙinta na asali, wannan musanya ce ba komai. In kuma wani iri ne daban aka dasa, kamar LS, injin GM na baya-bayan nan da samari ke so, to doka ta ce injin ya zama shekararsa ɗaya da motar ko ya fi ta sabunta, ya zo da duk kayan hayaƙinsa da kwamfutarsa, kar ya zama na babbar motar kaya, kuma motar Kalifoniya ba a sa mata injin tarayya. Irin wannan sai an je wajen rafalin BAR ya duba ya manna tasa sitikar a jikin ƙofa. Shawarata ga sabon shiga, in ka ga an dasa inji kuma babu sitikar rafali, kar ka saya.

Kafireto, har zuwa ƙirar 1981, Rochester Quadrajet ne, lambarsa a tsaye take a gefen direba ta baya. Daga 1976 tana farawa da 170, sai 56 na 1976, 57, 58, 59, sai 80 da 81. Lambar da ta biyo baya in 2 ce na tarayya ne, in 5 ce na Kalifoniya ko na kan tudu. Kenan 17058 sai 2, kafireton tarayya ne na 1978. In ka buɗe gidan iyakilina ka tarar da Holley ko Edelbrock mai sheƙi, ka fara neman Quadrajet daga yau, don yawancin waɗancan babu bakin da za a jona EGR da gwangwanin gawayi mai kama tururin fetur, kuma basu da izini a motar da ake gwadawa.

Mataki na 5: bi kayan ɗaya bayan ɗaya

Rubuta duk abin da sitika ta lissafa a takarda, ka zagaya motar kana sa alama. Gwajin motocin 1976 zuwa 1999 kashi uku ne, duba da ido, gwada ko kaya na aiki, sannan aunin salansa, kuma in ka faɗi ɗaya ka faɗi duka. Motar da hayaƙinta ya fi na sabuwa tsabta zata faɗi saboda tiyo ɗaya da aka toshe da kusa.

Famfon iska, AIR. Nan bambancin yanki ya fi cin mutane. A wasu shekarun tsakanin 1976 da 1979 L48 ta tarayya ta fito babu famfon, ta Kalifoniya kuma da shi, shi yasa nace kar ka sayi komai sai ka gama bincike. In sitika ta ce akwai, to famfo, bel ɗinsa, bawul mai karkatar da iska, bawul mai hana hayaƙi dawowa da bututunan da ke shiga manifol duk sai sun cika. Juya famfon da hannu, in ya ƙame kar ka ɗaura bel ka tada, zai tsinka shi. Kuma ba a zuba masa mai.

EGR yana kan manifol kusa da kafireto. Inji na silo, sa safar hannu don yana da zafi, tura fatar ƙarƙashinsa sama da yatsa, ya kamata injin ya yi tuntuɓe kamar zai mutu. In bai ji komai ba hanyar ta toshe da baƙin gawayi, cire shi ka sassaƙe ramukan ka sa sabon gasket. Gargaɗi: wasu na ƙarshen shekarun 1970 sai da matsin salansa suke riƙe iska, in ka gwada su da famfon hannu inji a kashe zaka ɗauka sun mutu alhali lafiyarsu lau, an zubar da masu kyau da yawa a haka.

Gwangwanin gawayi yana gefen direba can ƙasa bayan tayar gaba, a C3 sai ka kwanta kafin ka gan shi. Bi tiyonsa har tanki. Motocin 1976 zuwa 1995 ana matse layin a hura iska cikin tanki a ga ko yana yoyo, tsohon tiyon saman tanki shi ke kada mutane anan. Murfin tanki shima ana gwada shi a na'ura, sayi sabo kawai. Sannan leƙa wuyan tanki, akwai ɗan ƙaramin rami da aka yi don bakin famfon fetur mara dalma ne kaɗai zai shiga, in an fasa shi an faɗaɗa sai an gyara.

Gidan iyakilina na asali ake so, da ƙofarsa mai buɗewa da zafi, da bututun nan mai kama da takardar azurfa da ke ɗauko iska mai ɗumi daga manifol. Wannan bututun kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma shi aka fi samu babu. PCV, ɗan bawul ɗin da ke zuƙe tururin cikin inji, girgiza shi ka ji yana ƙara. EFE wani bawul ne a bakin manifol na gefen fasinja, ka ga yana motsi bai ci tsatsa ba. Ƙananan makunnan zafi masu bakuna biyu ko uku da ke kan gidan tamostat robarsu ta bushe, riƙe su da hannu ɗaya ka murɗa tiyon a hankali, in ya ƙi ka tsaga tiyon da reza.

Sai katalis, indomi dai. Tun 1975 Corvette ke zuwa da shi, a C3 bututu biyu su haɗe su shiga guda ɗaya sannan su sake rabuwa zuwa baya. Abin da aka saba a garejojin gida, a fasa a zazzage a mayar da gwangwani ba komai, a nan laifi ne na tarayya, tun gyaran dokar tsabtar iska na 1990 hukuncin ya hau kan mai mota ma, ba makanike kaɗai ba. In ka leƙa ka ga salansa biyu kowacce ta miƙe ita kaɗai daga inji har baya, to akwai aiki babba a gabanka.

Mataki na 6: sayen abin da ya ɓace

Duk wani kayan da ba irin na asali ba, manifol, hedas, kafireto, dilko, dole ya zo da lambar izinin CARB, hukumar tsabtar iska ta Kalifoniya, ana ce mata EO, tana farawa da D sai lambobi. Shiga shafin CARB ka duba lambar ta ƙunshi shekararka da injinka, don lamba na iya zama ta gaske amma ta wata motar ce. In ka ga an rubuta na tsere kawai ko na jihohi 49, ajiye musu abinsu.

Katalis ya fi tsauri. Tun cikin 2008 ba a sayar da na hannu a Kalifoniya, sabon kuma sai mai lambar EO a buge a jikinsa, a ɗaura shi a inda na asali yake, ka roƙi mai walda ya juyo da lambar ƙasa yadda mai gwaji zai gani. Na intanet mai arha na tarayya ne, ko ya tsabtace hayaƙin zai faɗi a duban ido.

Sauran kayan, famfon iska da maratayinsa, gidan iyakilina, manifol mai ramukan AIR, na hannu ya halatta, kuma masu motocin 1975 zuwa ƙasa da na wasu jihohin da suka cire nasu suna sayarwa. In ka nema ka rasa, ofishin rafali yana da sashen neman kaya, in suma suka rasa suna iya bada uzuri a kan wannan kayan kaɗai. Akwai kuma wata ƙofar: motar da ta kai shekara 35 kuma tana da inshorar motocin ajiya na iya zuwa wajen rafali a yi mata taƙaitaccen gwaji, aunin salansa, murfin tanki da duba yoyon fetur. Ni bana kallonta a matsayin lasisin cire kaya, don ba EGR ba katalis da wuya lambobin salansar su sauka, kuma inshorar da kanta tana taƙaita yawon da zaka yi da motar.

Mataki na 7: sabis da taimin

In motar ta daɗe a ajiye zuƙe tsohon fetur ka zuba sabo. Canza baƙin mai, fulogi, wayoyin fulogi, murfin dilko da rota, iyakilina. Tazarar fulogi abin da sitika ta ce. Canza tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, ka cire ɗaya ka mayar da sabo kafin ka taɓa na gaba, Corvette tana da wasu tiyoyin na ɗaga fitilu da ba na hayaƙi ba, suma in suna yoyo silo zai lalace.

Taimin ana yarda da digiri 3 sama ko ƙasa da abin da sitika ta ce. Bi sharuɗɗan sitikar sak, in ta ce a cire tiyon dilko a toshe to a cire, a masu kwamfuta kuma akwai wayar da ake zarewa kafin a auna, a C4 ta kafin 1992 ruwan ƙasa ce mai ratsin baƙi. Mutane na son ƙara taimin don motar ta fi tashi, ranar gwaji wannan zai kada ka sau biyu, a taimin da kuma a NOx, ɗaya daga cikin gas ɗin da ake aunawa a salansa. In ka saita daidai amma injin na tafiya kamar mara lafiya, yi zargin zoben fulin gaba, roba ce ke riƙe da shi kuma yana zamewa da tsufa, alamar ta koma ƙarya. Kawo fistin na ɗaya can sama ka ga ko alamar ta tsaya a sifiri.

Masu kwamfuta, fitilar cek inji dole ta kama in an murɗa makulli ta kuma mutu in an tada. Cire ƙwan fitilar ba dabara bace, shi ake fara dubawa. A C4 ta 1984 zuwa 1993 haɗa ramin A da B na soket ɗin ƙarƙashin dashbod da ƴar waya, murɗa makulli kar ka tada, zata ƙifta 12 sau uku sannan ta kawo lambobin matsala.

Mataki na 8: ranar gwaji

Duba takardar DMV, in an rubuta STAR to tashar gwajin da BAR ta ba shaidar STAR kaɗai zaka je. Buga waya tukuna ka tambaya ko suna da na'urar tsofaffin motoci, tashoshi da yawa yanzu na 2000 zuwa sama kawai suke yi, kuma ka nemi wanda ya saba da kafireto. A manyan birane ana ɗora motar a kan rola a auna a mil 15 da mil 25 a awa, a wasu yankunan kuma a tsaye ne, silo da gudun 2,500. Cika iskar taya, ka tabbatar ba yoyon fetur ko na ruwa, in akwai zasu ƙi karɓa. Yi tafiyar kamar minti ashirin a babban titi ta yi zafi sosai, in akwai layi kar ka kashe ta. In kana shakka nemi gwajin share fage, kuɗi ne ƙari amma zaka ga lambobinka kafin na gaske.

Kuma in saye zaka yi a cikin jihar, doka ta ɗora wa mai sayarwa ya kawo takardar gwaji da bata wuce kwana 90 ba. Wanda ya ce ya rage maka kuɗi ka je ka yi da kanka, ya san abin da ya sani.

Mataki na 9: in ta faɗi

Karanta takardar kafin ka sayi komai. HC a sama fetur ne da bai ƙone ba, fulogi, waya, yoyon iska, taimin, ko bawul da ya ƙone. CO a sama mai ya yi yawa, cok bai buɗe duka ba, fulot ya jiƙe ya nutse, ko gwangwanin gawayi ya cika da fetur. NOx a sama zafi ne, EGR, taimin da ya yi gaba, mai ya yi kaɗan ko lagireto baya sanyaya. Katalis shine na ƙarshe da zaka zarga, sai in duka ukun sun ɗan haura tare kuma komai na inji daidai yake. Sa sabo a kan injin da ke ambaliyar mai zai iya ci yau, bayan wata shida ya narke. Kwalaben da ake sayarwa wai a zuba a tanki a ci gwaji, ni ban ga wadda suka ceta ba.

Biya kuɗin rajista a kan lokaci ko da baka ci ba, don kar tara ta hau, DMV na bada izinin yawo na kwana 60 ga wanda ya faɗi. In gyaran zai ja watanni yi mata rajistar ajiya, PNO, kafin wa'adi ya cika.

In motar ba ƙirar Amurka bace

Wannan ya fi shafar masu Porsche. A sitikarsu akwai lambar ƙasar da aka ƙera wa motar, C02 na Amurka, C03 Kalifoniya, C00 Jamus, C16 Ingila, C08 Japan, kuma 911 Turbo ba a sayar da ita a Amurka ba daga 1980 zuwa 1985, duk wadda ka gani ta waɗannan shekarun shigo da ita aka yi ta bayan fage. A kwastan, NHTSA, hukumar kiyaye lafiyar tituna ta tarayya, tana sakin mota in ta cika shekara 25, EPA kuma 21 in injinta na asali ne, fom HS-7 da 3520-1 ake cikewa. Wannan na shiga ƙasa ne kawai. Kalifoniya nata daban, motar waje ƙirar 1975 zuwa sama sai an gyara ta an kai ta ɗakin gwajin da CARB ta amince da shi, kuma kuɗin na iya kusan kamo kuɗin motar. Sauran jihohi kowa da nasa, Texas motocin shekara 2 zuwa 24 kawai take gwadawa a wasu gundumomi, Arizona kuma daga ƙirar 1967 a Phoenix da Tucson. Don haka Corvette ɗin da ta fito daga Texas tana iya yin shekara ashirin ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton sitikar hayaƙi, lambar kafireto, gefen inji biyu da ƙasan motar daga gaba har baya kafin ka tura ko sisi.